Agogon Hannu da Sana'ar Gyaransa a Ƙasar Gumel

Agogon hannu baƙo ne a ƙasar Gumel, masarautar da ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa. Sai a ƙarni na 20 aka fara ganin sa a hannun mutane. Sunansa ma aro ne daga Yarbanci, inda "agogo" ke nufin ƙararrawa. Ita kuwa kalmar "ƙarfe" da ake cewa ƙarfe biyu ko ƙarfe biyar, ta samo asali ne daga ƙarfen da ake bugawa a bariki da makaranta don sanar da lokaci.

Kafin zuwansa, salla da rana ne ke raba wa mutane yini: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, magariba, lisha. Ladani yakan tsaya a fili ya auna inuwarsa da tafin ƙafa, a bisa lissafin cewa tsayin mutum ƙafarsa bakwai ne. Idan inuwar ta kai tsayinsa, ban da 'yar inuwar da ta rage a lokacin zawali, la'asar ta shiga. Da dare kuwa sai a dubi taurari, irin su Kaza da 'Ya'yanta da Gamzaki, a kuma saurari carar zakara. Lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya ratsa Gumel a 1851, ya tarar da babbar kasuwar kanwa da ake kawowa daga wajen Barno. Fataken da ke wannan safara da kwanaki da zango suke lissafi, ba su da bukatar minti.

Mulkin Turawa ne ya kawo wannan bukata. Gumel ta shiga hannun Ingila a 1903, aka kafa ofisoshin En'e, da kotu da makaranta, kowanne da lokacin buɗewa da na tashi. Abin da ya fi tasiri shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, sannan aka miƙa shi zuwa Nguru a 1930, ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori. Jirgi da jadawali yake tafiya, saboda haka ma'aikatan tasha da masu kai kaya dole su san ƙarfe nawa. A daidai wannan zamani agogon hannu ya fara kawar da na aljihu a Turai, bayan da sojoji suka saba da shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kamfanin da ya zama Rolex, wanda Hans Wilsdorf ya kafa a Landan a 1905 kafin ya koma Janeba ta ƙasar Suwizalan, ya fito da samfurin Oyster mai hana ruwa da ƙura shiga a 1926, sannan a 1931 ya fito da inji mai wana kansa da motsin hannu.

A farko, agogo kayan sarakuna ne da hakimai, da malaman makaranta, da akawu, da manyan 'yan baranda na cinikin gyaɗa. Daga baya ya yaɗu ta hanyoyi biyu. Ta farko albashi, musamman bayan ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970, lokacin da naira ta fi dala daraja. Ta biyu aikin hajji. Da jirgin sama ya sauƙaƙa tafiya daga Kano zuwa Jidda, agogo ya shiga sahun tsarabar alhazai tare da darduma da tasbaha da dabino. Ta nan Seiko 5, wanda ya fito a Japan a 1963, da Citizen da Orient, da Rado DiaStar na Suwizalan mai jikin da ba ya gogewa, suka cika hannayen attajirai da malamai. Agogon mata ya sami gurbi a akwatin lefe. Maza kuwa da yawa suna zaɓen na farin ƙarfe, saboda addini ya hana namiji ado da zinare.

Sayen agogon da ake wanawa farkon kashe kuɗi ne kawai, domin cikinsa inji ne mai aiki dare da rana, abin da ya sa ake yi masa kirari da sarkin aiki. Wata naɗaɗɗiyar waya ce ke riƙe ƙarfin da aka wana, tana sakin sa a hankali ta cikin ƙananan ƙafafu masu haƙora, har zuwa wata 'yar ƙafa mai kai da komo a kan waya siririya kamar gashi. A yawancin agogunan tsada na yanzu wannan ƙafa tana bugawa sau 28,800 a awa, wato sau 691,200 a kwana ɗaya. Duwatsu 17 ko 21 da ake rubutawa a fuskar agogo ba ado ba ne, matattara ce da bakin ƙafafun ke juyawa a ciki, kowace da ɗigon mai da ido da ƙyar yake gani. Wannan ɗigon mai shi ne ran agogo, kuma yanayin ƙasar Gumel abokin gabansa ne. Ƙurar hunturu tana kutsawa ta wajen maɓallin wana agogon ta cakuɗe da man, ya koma kamar yashi yana cin ƙarfe. Zafin bazara, da kan haura digiri 40, yana busar da man da kuma robar da ke toshe murfi. Ga ruwan alwala sau biyar a rana: agogon da robarsa ta bushe, sai a ga raɓa ta kwanta a cikin gilashi, bayan 'yan makonni tsatsa ta kama. Gumi yana ruɓar da mariƙin fata cikin ɗan lokaci, shi ya sa sarƙar ƙarfe ta fi karɓuwa.

Bukatar magance wannan lalacewa ce ta haifar da sana'ar gyaran agogo. Mai gyara ba ya bukatar babban shago. Ɗan tebur ne mai akwatin gilashi, a gindin bishiya ko bakin tasha, an jera agogunan da masu su ba su zo karɓa ba. Yakan maƙala ƙaramin madubi a ido ɗaya, ya buɗe murfin baya da bakin wuƙa, ya kwance ƙusoshi masu ƙanƙanta kamar ƙwayar gero, yana ɗauko su da hantsaki yana ajiyewa a murfin gwangwani. Ya wanke sassan da fetur, ya busar, ya ɗiga mai da tsinin allura, sannan ya kara agogon a kunne ya saurari bugunsa. Jarinsa na gaske gwangwanayen matattun agoguna ne, inda yake ciro abin da ya lalace a wani. Abin da babu, sai an je kasuwar Sabon Gari a Kano. Ranar Alhamis, da kasuwar Maigatari ke ci, masu ciniki kan zo har daga ƙasar Damagaram ta Nijar. Kuma da yake Nijeriya da Nijar lokacinsu ɗaya ne, mai tsallaka iyaka ba ya taɓa saitin agogonsa. Saitin kansa daga rediyo ake ɗauka, musamman bayan da BBC ta fara shirin Hausa a 1957. Ɗaukakar Seiko 5 a wannan yanki daga hannun irin waɗannan masu gyara ta fito: injinsa mai juriya ne, kayansa suna samuwa, kuma kusan kowane mai gyara ya san cikinsa.

Sana'ar ta fara ja da baya ne daga abin da ya faru a nesa. A Disamban 1969 Seiko ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da dutsen kwaz. Irin wannan agogo ya fi wanda ake wanawa daidaito nesa ba kusa ba, ga shi farashinsa ya yi ta sauka. A Suwizalan kanta, kusan kashi biyu cikin uku na ma'aikatan agogo sun rasa aiki tsakanin 1970 da tsakiyar shekarun 1980. A Nijeriya kuma, tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara suka yi tsada. Casio F-91W na roba, wanda ya fito a 1989, da agogunan Sin masu araha suka mamaye kasuwa, aikin mai gyara ya koma canza batir da rage sarƙa. Da wayar salula ta zo a 2001, kowa ya sami lokaci a aljihunsa. Masallatai ma suka rataya agogon lantarki mai nuna lokutan salla biyar.

Agogon alfarma bai ɓace ba, sai dai aikinsa ya koma nuna matsayi a hannun 'yan siyasa da manyan 'yan kasuwa, ranar Juma'a da hawan salla da ɗaurin aure. Sabon Rolex na farin ƙarfe mafi sauƙin kuɗi ya haura dala 5,000, a lokacin da dala ɗaya ta wuce naira 1,500 a 2024. Kamfanin yana ba da shawarar a yi masa cikakken wanki kusan duk shekara goma, wasu kamfanonin kuma suna cewa biyar ko shida, kuma kowane wanki ɗaruruwan daloli ne. Manyan kamfanoni ba sa sayar da kayan gyara sai ga waɗanda suka amince da su, don haka dole agogon ya tafi Legas ko Dubai ko Turai. Wanda ya ba mai gyaran da ba shi da kayan aikin da suka dace, yakan rasa hatimin hana ruwa, kuma duk wani sashe na aro da aka saka yana zubar da darajar agogon ranar sayarwa. Haka ma ɓatan kwali da takardar shaidar saye, domin jabu ya yi yawa har sai gwani ke iya rarrabewa. Tsohon Seiko 5 da wani alhaji ya zo da shi shekara 40 da suka wuce kuwa, har yanzu ana iya tayar da shi a Kano da kuɗi kaɗan, muddin an sami dattijon da bai bar sana'ar ba.