Shekarar 525: Da Sunan Wa Muke Ƙirga Shekarunmu?

Idan muka tambayi dattawanmu a Minna yaushe aka haifi wane, sukan ce, shekarar da aka canja kuɗi, wato 1973, ko shekarar da aka kafa Jihar Neja, 1976. Haka Luka ya yi a sura 3, ya ƙirga da shekarun mulkin Kaisar Tibariyas.

Romawa sukan kira shekara da sunan babban hakimin da aka naɗa a cikinta. Shekarar da muke kira 525, a Roma shekarar Furobus ce. Lissafin ranar Ista kuwa, ikilisiyar Iskandariya tana yinsa ne daga 284, lokacin da Diyokilitiyan ya hau sarauta. Shi ne sarkin da ya soma tsananta wa masu bi a 303, ya rushe majami'u, ya ƙone Littattafai Masu Tsarki.

A 525 wani bawan Allah a Roma mai suna Diyonisiyus yana shirya lissafin Ista. Ya ƙi ci gaba da tunawa da azzalumi, sai ya ƙirga daga haihuwar Ubangijinmu. Ya ɗan yi kuskure, gama masana sun ce Hirudus ya mutu shekara huɗu kafin farkon lissafinsa. Duk da haka, Bede na Ingila ya bi wannan ƙirga a littafinsa na 731, har ta bazu ko'ina.

Gidaje da yawa a cikinmu suna da shekarar da suke kira da sunan rikici, ko rashi, ko wanda ya cuce su. Ba mu ce a manta ba. Amma bari 'ya'yanmu su ji muna cewa wannan ma shekarar Ubangiji ce. Allah ya taimake mu. Amin.