Motar Lantarki da Kuɗin Gyaran Kwalta: Duba Daga Kore Mairuwa

Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso, tana ratsa Kore Mairuwa kafin ta isa Dogon Dutsi. Tun kafa asusun gyaran hanyoyi na CAFER a 1999, wanda FER ya gada, gyaran irin wannan hanya a Nijar ya fi dogara ga abu biyu: kaso daga harajin mai, da kuɗin da direba ke biya a shingen hanya. Motar lantarki ba ta shan mai, saboda haka na farkon bai shafe ta ba. Dalili ke nan jihohin Amurka sama da 30 suka ɗora wa masu ita ƙarin kuɗin rajista duk shekara, Birtaniya kuma ta soma karɓar harajin mota a hannunsu a Afrilun 2025.

A ganina, kwaikwayon wannan tsari a Nijar gyara ne inda ba a ɓata ba. Harajin mai a nan ya daɗe yana yoyo. Shekara da shekaru ɗan kabu-kabu yana tsayawa gaban teburin 'yan ruwa-ruwa, a juye masa man Najeriya daga kwalba da mazurari, ko dala ba ta shiga baitulmalin Nijar ba, sai da cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023 ya rage ribar fasa-ƙwaurin. Ba a taɓa cewa a ƙara masa kuɗin rajista ba.

Babbar hujja dai nauyi ce. Gwajin hanya da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna in aka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya, ɓarnar da yake wa kwalta na ninkuwa kusan sau 16. Ramukan hanyar Dosso aikin tirelolin siminti da albasa ne masu lodi fiye da kima, ba na ƙaramar mota ba, ko da me take tafiya. Ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke cikinta, ta ƙayyade nauyin lodin manyan motoci tun 2005. Aiwatarwa ce ke jan ƙafa.

Za a ce batir na ƙara wa mota nauyi. Haka ne, amma bai kai a kwatanta shi da lodin tirela ba. Shingen hanya kuwa ba ya tambayar mai ko lantarki, girman mota yake dubawa. Sikeli ya kamata a ƙara masa, a riƙa karɓar kuɗin gwargwadon abin da ya auna.