RIƘON TSOFAFFI A ƘASAR HAUSA: DAGA GANDU ZUWA FANSHO



Gabatarwa

Maganar da aka ɗora mini yau magana ce wadda ta shafi kowa a wannan zaure. Wanda ba shi da tsoho a gida, to, shi kansa yana kan hanyar zama tsohon, in Allah ya ja kwana. Abin da zan yi shi ne in bi tarihin yadda Bahaushe ya riƙa kula da iyayensa da kakanninsa idan ƙarfinsu ya ƙare, in nuna tubalan da aka gina wannan al'ada a kansu, sa'an nan in nuna yadda zamani ya riƙa zare tubalan nan ɗaya bayan ɗaya. Ra'ayina a taƙaice shi ne, riƙon tsofaffi bai taɓa dogara ga tausayi kaɗai ba. Yana da tsarin tattalin arziki a ƙarƙashinsa, kuma wannan tsari ne ya girgiza.

Gandu da riƙo

Tubali na farko shi ne gandu. A ƙauyen Hausa na da, 'ya'ya maza, har waɗanda suka yi aure, sukan zauna a gidan ubansu, su yi noma tare a gonar gandu tun da safe har wajen azahar. Da yamma kowa ya nufi gayaunarsa, watau 'yar gonar da uban ya yanka masa don biyan ƙananan bukatunsa. Shi kuwa mai gida, shi ke riƙe da rumbu. Shi ke fitar da hatsin da za a ci, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa 'ya'ya auren fari, shi ke sayen ragon suna. To, ku dubi wannan tsari da kyau. Idan uba ya tsufa har ba ya iya ɗaga garma, gona tasa ce, rumbu nasa ne, kuma ɗan da ya yi masa biyayya shi ke sa ran gādo. Saboda haka tsoho ba ya roƙon abinci a gidansa. Shi ne ma mai rabawa.

Tubali na biyu shi ne riƙo, ko tallafi. Bahaushiya takan yi kunyar ɗanta na fari, kuma sau da yawa da an yaye shi sai kaka ta ɗauka. Wannan jika shi ne zai zama ɗan aikenta, mai ɗebo mata ruwa, mai kwana a ɗakinta. Wasan da ke tsakanin kaka da jika, inda tsohuwa ke kiran jikanta mijinta, yana sassauta wannan zama ya sa shi daɗi. Matar da Allah bai ba ta haihuwa ba ita ma ba a barinta hannu sake. Misali sananne shi ne Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, aka buga shi a 1954. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma an ba ta 'ya'ya ta riƙe, ta yi musu aure, kuma ba ta tsufa a wulakance ba.

Tubali na uku shi ne sana'ar tsofaffin kansu. Tsohuwa tana kaɗi, tana ungozoma, tana dillanci tsakanin gidajen kulle, tana sayar da koko ko daddawa. Tsoho yana tufkar igiya, yana saƙar tabarma, yana sasanta rikici a zaure. Shi ya sa aka ce da tsohuwar zuma ake magani.

Hukuncin shari'a

Musulunci ya zo ya ƙarfafa waɗannan tubala, ya mai da abin da yake al'ada ya zama wajibi. Ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i sun yi magana ƙarara a kan iyaye idan tsufa ya riske su a hannun ɗansu, suka hana ko da nuna musu ƙosawa. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu, sun wajabta ciyar da iyaye matalauta a kan 'ya'yansu masu hali. Muhtasar ya ƙara da cewa har mai yi musu hidima yana cikin wannan nauyi, haka nan kuma yi wa uba aure idan yana da bukata. Ke nan tun ƙarnoni da suka wuce malamai sun gane cewa tsoho ba tuwo kaɗai yake bukata ba, yana bukatar hannun da zai taimake shi da kuma abokin zama. Uba yana da ikon kai ƙarar ɗansa gaban alƙali a kan haka, ko da yake kunya takan hana. Wanda ba shi da kowa kuwa, zakka da sadaka da gidan sarki ko na mai unguwa su ne madogararsa.

Amma kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta kuma buga sakamakonsa a 1972, ta nuna cewa gandu ya fi ƙarfi a gidajen manoma masu hali. Talakan da ba shi da isasshiyar gona ba ya iya riƙe 'ya'yansa. Sukan watse neman abinci, su bar shi. Ta kuma nuna cewa gandun 'yan'uwa ba ya cika daɗewa bayan rasuwar uba. Bara da tsofaffi ke yi a ƙofar masallaci ba yau ta fara ba. Gandu ya rufa asirin mai gona, bai rufa na kowa da kowa ba.

Zuwan Turawa da kuɗi

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, abubuwa uku suka taɓa gandu. Na ɗaya, haraji ya koma na tsabar kuɗi. Na biyu, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, saurayi ya ga yana iya samun kuɗinsa na kansa ba tare da ya bi ta hannun ubansa ba. Na uku, hanyoyi sun yi lafiya, cin rani ya yawaita, matasa suka riƙa tafiya Jos haƙar kuza, ko Ikko, ko Kumasi, wasu su dawo da damina, wasu su zarce. Ranar da ɗa ya iya biyan harajinsa da sadakin matarsa da kansa, ranar ce igiyar da ta ɗaure shi da rumbun ubansa ta fara sassautawa.

Sana'ar tsofaffin mata ma ba ta tsira ba. Zaren kanti da yadin masaƙa, musamman bayan buɗe masaƙar Kaduna a 1957, sun rage darajar kaɗi, har mazari ya kusa zama kayan tarihi. Daga baya fari na 1972 zuwa 1974, da kuɗin mai, da ƙarin albashin Udoji na 1974, da shirin ilmin firamare kyauta na 1976, suka haɗu suka janye matasa da yara daga gona da ɗakin kaka zuwa birni da aji. Ba cewa nake yi waɗannan abubuwa sharri ne ba. Cewa nake yi kowannensu ya ɗauke wani hannu daga cikin hannuwan da ke hidimar tsoho, kuma ba a mayar da gurbinsa ba.

Fansho

Abin da zamani ya kawo a madadin gandu shi ne fansho. A Turai ma haka abin ya faru: Jamus ta kafa fanshon tsufa a 1889, Ingila ta bi a 1908 da sule biyar a mako ga talakan da ya kai shekara 70. A nan Nijeriya dokar fansho ta 1951 ta shafi ma'aikatan gwamnati ne. A 1961 aka kafa asusun ajiya na ma'aikatan kamfanoni, a 1979 aka yi doka mai lamba 102. A 2004 aka koma tsarin karo-karo, inda ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki kowa ke zuba kasonsa. Gyaran 2014 ya sa kason ya zama 8 cikin 100 daga ma'aikaci, 10 cikin 100 daga mai ɗaukar aiki. A 2018 aka sa hannu a kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa.

Sai dai akwai bambanci babba. Fanshon Ingila na 1908 na tsoho ne don talaucinsa da shekarunsa; namu na ma'aikaci ne don aikinsa. Manomi da maƙeri da ɗan koli da matar gida, waɗanda su ne mafi yawan jama'a, tsarin bai cika kai musu ba. Shi kansa ɗan fanshon, kuɗi yake karɓa in sun zo a kan lokaci, amma kuɗi ba sa juya majinyaci a shimfiɗa, ba sa yi masa alwala. Lokacin da nake karatu a ƙasar waje na ziyarci wani gidan tsofaffi. Akwai tsabta, akwai magani, akwai abinci, amma na ga wata tsohuwa ta wuni tana duban ƙofa. A namu gidajen kuma sau da yawa akwai jama'a, babu magani. Kowane ɓangare yana da rabin abin da ake bukata.

Wa ke ɗauke da nauyin yau?

A nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ɗa namiji yana aiko da kuɗi daga Abuja, a yaba masa. Amma mai wanki da dafa kunu da tashin tsakar dare, yawanci mace ce: matar ɗa, ko 'yar da aurenta ya mutu, ko jikar da aka cire daga makaranta. A zamanin gandu mata da yawa ke gida ɗaya suna karɓa-karɓa. Yau mace ɗaya ce a ɗaki biyu na haya, ga 'ya'yanta, ga watakila aikin ofis. Ga kuma cututtukan tsufa masu daɗewa, irin su shanyewar ɓarin jiki da ciwon sukari da rikicewar tunani, wadda jahilci kan sa a fassara ta da maita ko taɓin aljanu. Jamus a 1995 da Japan a 2000 sun kafa inshorar jinyar tsufa, wadda ke biyan masu zuwa gida su taimaka. Ba lalle mu kwaikwaye su baƙi da baƙi ba, amma sun fahimci cewa iyali ma yana bukatar mai tallafa masa.

Kammalawa

Gandu ba zai dawo yadda yake ba, kuma Bahaushe ba zai yarda ya kai mahaifiyarsa gidan gajiyayyu da daɗin rai ba. Hanyar da ta rage ita ce a ƙarfafa gida. Ku ma'aikata, ku ne masu rubuta kasafi: ku sa ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi su riƙa leƙa tsofaffi a gidajensu, ku sa hukumomin zakka su ware kaso ga tsohon da ba shi da kowa, ku biya 'yan fansho ba tare da kun sa su jerin gwano a rana ba. Ku ɗalibai, ku tuna zumunta a ƙafa take. Kuɗin da aka tura ta waya ba ya maye gurbin gaisuwa. Mu duka kuma mu raba aikin jinya tsakanin maza da mata, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba mu ikon riƙe waɗanda ke raye, ya sa mu ma mu sami masu riƙe mu.