Kiwon yawo a ƙasar Gwandu da Kalgo

Kiwon yawo a ƙasar Gwandu da Kalgo shi ne kai-komon da Fulani makiyaya ke yi da dabbobinsu tsakanin tudu da fadama, bisa ga sauyin yanayi, a ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo na jihar Kebbi, arewa maso yammacin Najeriya. Yankin yana cikin masarautar Gwandu, kusa da Birnin Kebbi, kuma Gulbin Sakkwato, wanda a nan ake kira Gulbin Kabi, shi ne ke shayar da babbar fadamar da makiyaya suka dogara da ita da rani.

Tarihi

Fulani makiyaya sun zauna a ƙasar Kabi tun kafin jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo na 1804. Jama'ar Shehu ta mayar da Gwandu sansaninta a 1805, daga baya garin ya zama hedkwatar yammacin daular a hannun ƙanensa Abdullahi Ɗanfodiyo. A farkon shekarun 1890 cutar bushiya ta hallaka shanu masu yawa a faɗin ƙasashen Sudan, ta bar iyalai da dama babu garke. A zamanin Turawa ana karɓar jangali a kan kowace saniya ta hannun hukumar gargajiya. Masanin ɗan Adam C. Edward Hopen ya yi bincike a tsakanin makiyayan masarautar, ya wallafa littafin The Pastoral Fulbe Family in Gwandu a 1958.

Zagayen shekara

Da damina, daga wajen Yuni zuwa Satumba, fadama kan cika da ruwa, sauro da ƙudaje su yawaita, gonaki kuma su rufe fili. Sai makiyaya su hau tudu su kafa mashekari, wasu su nausa arewa zuwa Jamhuriyar Nijar. Da kaka, bayan an kawar da gero da dawa, sukan sauko gonaki shanu su ci kara da sauran abin da aka bari, su kuma bar wa manomi taki. Da rani, idan ciyawar tudu ta bushe, sai a gangara fadama inda ruwa ya janye ya bar ɗanyar ciyawa. Bazara ita ce lokaci mafi tsanani, domin abinci ya ƙare kuma ruwan sama bai kankama ba.

Ana bin burtali, wato hanyar shanu da aka ware tsakanin gonaki, har zuwa mashaya. Ardo ne ke shugabantar rugage kuma shi ke magana da hakimai da dagatai a madadinsu. Irin shanun da aka fi gani su ne Bokoloji da Rahaji da Bunaji, tare da tumakin Uda. Mata kan kai nono da man shanu kasuwa su sayo hatsi.

Kwatanci da Mongoliya

Makiyayan Mongoliya, da ke yawo a filayen ciyawa da hamadar Gobi, suna kiwon dabbobi iri biyar: dawaki, shanu, raƙuma masu tozo biyu, tumaki da awaki. Suna kwana a zagayayyen tanti na gashin dabba mai suna ger, wanda ake kwancewa a ɗauka. Babban abin tsoronsu shi ne dzud, matsanancin sanyi da ƙanƙara, wanda ya kashe miliyoyin dabbobi a hunturun 2009 zuwa 2010. Manoma kaɗan ne a ƙasarsu, saboda haka fili a buɗe yake. Makiyayin Gwandu kuwa tsakanin gonaki yake tafiya, don haka rayuwarsa ta rataya ne a kan fahimtar juna da manomi.

Matsaloli

Yawan jama'a ya sa gonaki sun ci burtali da mashaya a wurare da yawa. Noman shinkafar rani ya bunƙasa a fadamar Kebbi, musamman bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, kuma wannan ya rage filin da shanu ke ci da rani. Daga nan ne yawancin rigingimun ɓarnar amfanin gona ke tasowa. Satar shanu da matsalar tsaro a arewa maso yamma sun sa wasu makiyaya canza hanyoyinsu.

Dokoki da hukumomi

Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar gandun kiwo a 1965. An kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa a 1989 domin karatun 'ya'yansu. A 1998 ƙungiyar ECOWAS ta amince da yarjejeniyar da ta ba makiyaya damar tsallaka iyaka da takardar shaida, abin da ya shafi Kebbi kai tsaye tunda tana iyaka da Nijar da Benin.