Daga Rumbu Zuwa Ƙarƙashin Gado: Tarihin Ajiyar Kaya a Gidajen Haya na Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun yadda dabarun ajiyar kaya suka sauya a unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, musamman Makera da Kakuri, tun daga zuwan jirgin ƙasa har zuwa rufe masaƙu. Za a nuna cewa ƙuncin ɗaki ya canza ma'ajiyar iyali, ya kuma canza kalmomin da ake kiran ta da su.

2.0 Ajiya a Gidan Gargajiya

A gidan Bahaushe na ƙauye kowane abu da mazauninsa. Hatsi yana rumbu ko rufewa, ruwa yana randa, tufafi suna adudu ko lefe. Ƙwaryar nono ana ɗora ta a ragaya don gudun kyanwa da tururuwa, fitila kuwa tana alkuki, wato 'yar kafar da magini kan bari a jikin bango. Ƙore da akusa su ne jeren matar gida. Ginshiƙin wannan tsari shi ne wadatar fili, domin in iyali ya ƙaru sai a ƙara ɗaki, in amfanin gona ya yi yawa sai a ƙara rumbu. Su ma Gbagyi, waɗanda birnin ya tarar a wannan yanki, haka suke kafa rumbunansu a cikin gida.

3.0 Zuwan Jirgi da Masaƙu

Layin dogo ya ratsa Kaduna ya isa Kano a 1911, kuma a 1917 aka mai da Kaduna hedkwatar lardunan Arewa a madadin Zungeru. Babbar tashar jirgin tana kudu da kogi, a nan Makera ta bunƙasa da leburori da 'yan kasuwa. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, zamanin Firimiya Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. Cikin shekarun 1960 masaƙun Nortex da UNTL da Arewa suka biyo baya, sannan kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975.

Ma'aikatan da suka kwararo sun haɗa da Hausawa da Tibi da Idoma da mutanen kudancin ƙasar Zazzau, Hausa ce kuma harshen da ya haɗa su. Akasarinsu sun sauka a gidajen haya masu ɗakuna a jere suna fuskantar juna, bayan gida ɗaya, tsakar gida ta kowa da kowa. Mai ƙaramin albashi ɗaki guda yake kamawa, mai ɗan hali ya kama ciki da falo. Ɗan haya ba shi da ikon tona bango ya yi alkuki, balle ya gina rumbu.

4.0 Dabarun Ɗaki Guda

Da fili ya ƙare a ƙasa, sai aka koma neman sa a sama da kuma ƙarƙashi. Gadon ƙarfe mai tsawo ya zama babbar ma'ajiya, har wasu sukan ɗora ƙafafunsa a kan bulo don akwati da buhu su shige. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo ya ture adudu, domin ya fi jure wa ɓera da ɓarawo da wahalar jirgi, ga shi yana zama kujera in an yi baƙo. Igiyar da aka ɗaura daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɗauki tufafi, ƙusa ta gaji ragaya, labule ya raba ɗaki biyu. Garwar kananzir da duro suka karɓi aikin randa.

Mata ma ba su bar jere ba, sai dai sun sauya masa siffa. Kwalla da samira da langa, waɗanda ake jera su ƙarami a kan babba har kusa da rufi, sun maye gurbin ƙore. Cikinsu ake ɓoye zannuwa da sabulu da kuɗin adashi, kuma ranar da gida ya shiga matsi ana iya sayar da su. Ashe ke nan jeren ado ne, ma'ajiya ce, kuma jari ne.

Harshe ya adana shaidar wannan sauyi. Kalmar akwati daga Yarabanci take, fantimoti da kabad da durowa da sito kuwa daga Ingilishi. Lefe ya tashi daga sunan kwandon kaba ya koma sunan kayan aure kawai, alhali a akwatuna ake kai su. Jakar leda mai zane da ake kira Gana-masgo ta sami sunanta ne daga korar baƙin haure da gwamnatin Shehu Shagari ta yi a 1983.

5.0 Kammalawa

Duk waɗannan dabaru sun magance ƙuncin ɗaki, amma akwai abin da suka kasa maye gurbinsa. Rumbu abincin shekara yake riƙewa, ƙarƙashin gado kuwa bai wuce na wata ba, saboda haka albashi ne ya zama rumbun ma'aikaci. Da KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, iyalai da yawa sun wayi gari ba su da abin da za su koma wa sai kayan ɗaki. Ya kamata manazarta harshe su hanzarta tattara waɗannan kalmomi daga bakin tsofaffin ma'aikata da matansu, tun kafin ragaya da alkuki su rage a ƙamus kaɗai.