Tarihin Gudun Sassarfa: Yadda Horon Gwanaye Ya Zama Na Kowa da Kowa

Gabatarwa

Gudu ba baƙon abu ba ne ga ɗan'adam. Mafarauci ya yi shi a daji, manzon sarki ya yi shi da saƙo, wanda aka koro kuma ya yi shi don tsira da rai. Abin da yake sabo shi ne magidanci mai shekara hamsin ya fito titi da asuba yana sassarfa, ba a koro shi ba, ba kuma tsere yake yi ba. Wannan ɗabi'a ba ta bazu ba sai bayan 1960. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin asalinta, domin a ga yadda aka gano cewa juriya aba ce da ake ginawa, da kuma irin tafarkin da tarihin ya shata wa mai son farawa.

Tushen Al'amarin

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ciwon zuciya ya addabi magidanta a Turai da Amurka, a daidai lokacin da mota da aikin ofis suka zaunar da mutane wuri ɗaya. A shekarar 1953, wani likita mai suna Jeremy Morris ya fitar da sakamakon binciken da ya gudanar a kan ma'aikatan safa-safa masu bene na birnin Landan. Ya gano cewa kwandastoci, waɗanda ke wuni suna hawa da sauka a matakala, ba su kai direbobi kamuwa da ciwon zuciya ba, alhali mota ɗaya suke aiki a ciki. Wannan ya nuna illar zama, sai dai bai faɗa wa mai ƙiba da gajeren numfashi ta inda zai fara ba. Amsar wannan tambaya daga filin wasa ta fito.

Arthur Lydiard da Ginin Juriya

An haifi Arthur Lydiard a birnin Auckland na ƙasar Niyuzilan a 1917. Ma'aikacin kamfanin takalma ne, bai kuma yi karatun likita ba. Yana da shekara 27 ya bi wani wanda ya girme shi gudun mil biyar, ya dawo a galabaice. Daga nan ya mayar da jikinsa abin gwaji, yana ƙara nisa yana ragewa har tsawon shekaru, sai da ya tsaya a kan kimanin mil 100 a mako, wato kilomita 160, a bisa saurin da ba ya ƙure numfashi. Da wannan horo ya ci gasar gudun famfalaki ta ƙasarsa a 1953 da 1955.

A wancan zamani, akasarin masu horarwa sun fi yarda da gajerun gudu masu tsanani da ake maimaitawa a fili. Lydiard ya ce a fara shimfiɗa harsashi na watanni da doguwar tafiya mai sauƙi, sannan a hau tudu, sauri kuwa ya zo daga ƙarshe. Hatta mai tseren mita 800 sai ya bi zagayen tsaunukan Waitakere mai kimanin kilomita 35 a ranar Lahadi. Gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ce ta raba gardama. A rana ɗaya, cikin sa'a guda, ɗalibansa biyu suka ci zinariya: Peter Snell a mita 800, Murray Halberg kuma a mita 5,000, duk da hannunsa na hagu ya shanye tun yana saurayi. Na uku, Barry Magee, ya sami tagulla a gudun famfalakin da Abebe Bikila na Habasha ya lashe ba takalmi a ƙafarsa.

Daga Gwanaye Zuwa Magidanta

Lydiard ya yi tunanin cewa abin da ya ƙarfafa zuciyar gwani zai ƙarfafa ta magidanci, in dai an rage awo. A farkon 1962 aka kafa ƙungiyar masu sassarfa ta Auckland, wadda ta tara 'yan kasuwa masu teɓa da waɗanda suka taɓa jinyar zuciya. Ƙa'idarsa ita ce mutum ya hori jikinsa ba tare da ya azabtar da shi ba, ma'auninsa kuwa shi ne ya iya hira da na kusa da shi yana cikin gudu.

A ƙarshen wannan shekara, Bill Bowerman, mai horar da 'yan tsere na Jami'ar Oregon ta Amurka, ya kai ziyara Niyuzilan. Ya bi 'yan ƙungiyar fita, sai tudu ya ƙure shi yana ɗan shekara 51, har wani dattijo da ya haura saba'in, wanda ya sha bugun zuciya, ya rage sauri don ya jira shi. Da ya koma garin Eugene sai ya buɗe wa jama'a ajin sassarfa, mahalarta suka yi ta ƙaruwa har suka kai dubbai. A 1967 shi da likitan zuciya Waldo Harris suka wallafa littafin Jogging, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. Tsarinsu shi ne a cuɗanya tafiya da sassarfa, kuma ranar wahala ta sami ranar sauƙi a bayanta.

A wannan shekarar dai, masanin kimiyya John Holloszy ya nuna cewa doguwar motsa jiki tana ƙara yawan 'yan ƙananan ma'aikatun da ke samar da kuzari a cikin tsoka. Haka kuma zuciya kan koyi tura jini mai yawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini su yawaita. Amma ƙashi da jijiyar agara sun fi zuciya jinkirin sabawa, shi ya sa mai gaggawa kan ji numfashinsa ya isa, sai gwiwa ko ƙwauri su kayar da shi.

Bunƙasa da Darasin Jim Fixx

Littafin Aerobics na likita Kenneth Cooper a 1968, da nasarar Frank Shorter a gudun famfalaki na Olamfik a birnin Munich a 1972, sun ƙara rura wutar abin a Amurka. Gudun famfalakin New York, wanda mutum 127 suka fara a 1970, ya zama taron dubun dubata. Mata ma suka kutsa, har aka buɗe musu wannan tsere a Olamfik ta 1984.

A cikin wannan shekarar ce Jim Fixx, marubucin The Complete Book of Running na 1977, ya yanke jiki ya faɗi yana gudu, ya rasu yana da shekara 52. Masu suka suka ce ga ƙarshen sassarfa. Binciken gawa ya nuna hanyoyin jinin zuciyarsa sun toshe. Mahaifinsa ya rasu da ciwon zuciya yana da shekara 43, shi kansa kuma ya daɗe yana shan taba kafin ya fara gudu a 1967. Abin da aka koya shi ne gudu yana rage haɗari amma ba ya shafe gado, don haka mai yawan shekaru, ko mai hawan jini, ko mai jin ciwon ƙirji, ya fara da ganin likita.

Zamanin Mai Koyo

A 1996 Josh Clark ya tsara shirin mako tara mai kai mutum daga zaman kujera zuwa gudun kilomita 5. Ana fita sau uku a mako. A makon farko ana sassarfar minti ɗaya, a yi tafiyar minti ɗaya da rabi, a maimaita, a mako na tara kuwa ana gudun minti 30 ba tsayawa. Hukumar lafiya ta Ingila ta rungumi wannan shiri. A 2004 mutum 13 suka fara gudun Asabar na kyauta a wani lambu a Landan, wanda ya zama Parkrun a ƙasashe da dama. A nan gida, gudun famfalakin birnin Legas da aka fara a 2016 yana tara gwanaye da masu koyo a titi ɗaya.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa tun daga Lydiard har zuwa Clark ƙa'idar ba ta sauya ba: a fara da kaɗan, a tafi a hankali, a huta, a ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na matsakaiciyar motsa jiki a mako ga baligi, kuma ɗalibi ko malamin da ke zagaya filin jami'a sau uku a mako, ya haɗa da tafiyar ƙafa, zai iya cika wannan awo. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A fagen gudu, wanda ya ƙi bin sannu ne yakan kwana a hanya da ciwon gwiwa.