Zuma, Jiƙo da Kukan Jariri: Tarihin Maganin Murɗar Ciki

Yau zan kai ku tarihin abin da ke hana sabbin iyaye barci, wato kukan jariri mai murɗar ciki, da irin abubuwan da aka riƙa ɗura wa yara don su yi shiru.

Mu fara da Amurka. A 1849, a garin Bango na jihar Men, aka fara sayar da wani ruwan magani mai suna Mrs. Winslow's Soothing Syrup. Ana ba yaro sai ya yi tsit, iyaye suna ta sa albarka. Ashe mofin ne a ciki, sinadarin da ake samu daga opiyom. Yara da dama sun yi barcin da ba su farka ba. Sai a 1906 doka ta tilasta rubuta irin wannan sinadari a jikin kwalba, a 1911 kuma ƙungiyar likitocin Amurka ta sa shi cikin jerin magungunan da ta kira masu kashe jarirai.

A Ingila kuwa, a 1851, wani mai haɗa magani, William Woodward, ya fito da giraif wata ɗin nan da har yau ake sayarwa a kemis-kemis ɗinmu. Haɗin farko akwai sukari, akwai barasa. Daga baya ne aka cire barasar.

To, zuma fa? Nan ne mutanenmu ke cewa, "Haba, zuma ai waraka ce." Gaskiya ne, ga babba da yaron da ya tasa. Amma a 1976 likitoci a Kalifoniya suka gano wata cuta a jikin jarirai, botulizim. Bincike ya nuna cewa zuma, ko mai kyau ce daga amya, tana iya ɗauke da irin wata ƙwayar cuta. Hanjin babba yana da dakarun da ke hana ta tsiro. Na jariri bai kai ba, sai ta tsiro ta saki dafi mai kashe jijiyoyi. Yaro ya daina bayan gida, tsotsonsa ya yi rauni, kukansa ya dishe, wuya ya saki. Tafasa zumar ba ya kashe irin. Shi ya sa likitoci suka ce kada a ba yaro zuma, ko lasa ce, sai ya cika shekara ɗaya.

Jiƙo da sassaƙe ma haka: babu mai iya auna ƙarfinsu, ga ruwan da aka jiƙa da shi yana iya jawo gudawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla har wata shida.

Abin da na ɗauka a tarihin nan shi ne, shirun yaro ba shi ne lafiyarsa ba. Murɗar ciki takan yi tsanani wajen sati shida, ta lafa da kanta a wata uku zuwa huɗu. A sa shi ya yi gyatsa, a goya shi, a yi haƙuri. In akwai zazzaɓi, amai, ko ya ƙi kama nono, sai asibiti.

In Hajiya ta kawo zuma, a karɓa da ladabi, a yi mata bayani, mai jego ta sha abarta. Sai mun haɗu a shiri na gaba.